Nazarin lamari: ɗan dakon Mile 12 da motsa laka da lantarki ta saman fata

Mutumin da wannan nazari ya shafa ɗan dako ne mai shekara 34, ɗan Arewa, mazaunin gefen kasuwar Mile 12 a Legas. An tsara lamarin a matsayin misalin koyarwa ga likitocin gashin ƙashi da masu jinya a gida, don haka ba a kama sunansa ba, ba a kuma kama sunan cibiyar da ta kula da shi ba.

Wata safiya da damina yana sauke albasa daga tirela, buhu a ka, santsi ya kwashe shi. Nauyin ya danne wuyan gaba, ƙashin wuya na biyar ya goce a kan na shida ya matse laka. Abokan aikinsa suka ciccibe shi, wannan ya kama hannu, wancan ya kama ƙafa, kai na lilo, aka cusa shi cikin keke mai ƙafa uku. Irin wannan ɗauka tana iya ƙara wa laka rauni a kan wanda faɗuwar ta yi. Abin da ya dace shi ne a kwantar da mutum a kan katako ko ƙyaure, wani ya riƙe kansa da hannu biyu a miƙe da jiki har a isa asibiti. An yi masa aiki ta gaban wuya, aka mayar da ƙashin mazauninsa, aka ɗaure da ƙarfe. Ya yi gashi na wasu watanni, kuɗi ya ƙare, ya koma ɗaki. Ƙanensa ke jinyarsa.

Yadda aka same shi

Wata 18 bayan faɗuwar aka sake duba shi da ma'aunin ASIA, wanda ake ba kowace tsoka maki daga 0 zuwa 5. Tsokoki biyar ake gwadawa a hannu, kowace da matakin lakar da ke kula da ita (C matakan wuya ne, T na baya): naɗe gwiwar hannu na C5 ne, ɗaga tsintsiyar hannu na C6, miƙe gwiwar hannu na C7, dunƙule yatsu na C8, buɗe ƙaramin yatsa na T1. A dama ya samu 5, 4, 2, 1, 0. A hagu 5, 3, 1, 0, 0. Jimilla 21 cikin 50. Yana jin taɓawa a kewayen dubura, akwai kuma ɗan motsi a cinya da babban yatsan ƙafar dama. Wannan ya sa raunin nasa ya faɗa rukunin C a matakin C6, wato lakar ba ta yanke gaba ɗaya ba, akwai zaruruwan da suka tsira suna ratsa wurin tabon. Duk abin da ya biyo baya a kan waɗannan zaruruwa aka gina shi.

Yana ɗaukar abu mara nauyi da dabarar da masu irin rauninsa ke koya: in ya ɗaga tsintsiyar hannu sama, yatsun sai su lanƙwashe da kansu su maƙale abu. Da haka yake riƙe biredi, amma cokali na zamewa, buta kuma ba ta ɗaguwa. Yana da robar fitsari a jiki kullum. Awon jininsa a zaune 100 bisa 60 ne, kuma daidai ne ga mai raunin wuya. A riƙe wannan adadi, zai dawo.

Da aka tambaye shi abin da ya fi so ya samu, bai ambaci tafiya ba. Ya ce: “Likita, in dai zan ci tuwo da hannuna, in yi alwala ba sai an zuba mini ba, in ƙirga kuɗi, to zan iya zama a shago.” Amsarsa ta yi daidai da abin da Kim Anderson ta gano a binciken da ta wallafa a 2004, cewa masu shanyewar hannu da ƙafa sun fi fifita dawowar aikin hannu a kan komai. Waɗannan ayyuka uku aka rubuta a matsayin manufa, aka ƙara da danna waya.

Abin da wutar ke yi da wanda ba ta yi

Lantarkin da ake sa wa a fata ba ya ɗinke lakar da ta ji rauni, ba ya kuma sa sababbin jijiyoyi su tsiro su tsallake tabo. Abin da yake fara kamawa shi ne saiwoyin jijiyoyin ji da ke shiga laka ta baya, musamman masu kauri waɗanda ke kai labarin miƙewar tsoka da matsayin gaɓa. Su kuma suna haɗe da ƙwayoyin da ke ba tsoka umarni. In aka riƙa taɓa su a kai a kai, ƙwayoyin umarnin sai su matso kusa da tashi, ta yadda raunanan saƙon da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa ta zaruruwan da suka rage zai isa ya ƙarasa aikin. An yi wa majinyacin bayani da sana'arsa: buhun da ka ɗaga zuwa gwiwa ka kasa, in wani ya kama maka ya kai ƙirji, kai ne za ka ƙarasa shi ka. Na'urar mai kamawa ce kawai. In bai yunƙura ba, buhun na nan a ƙasa.

Hanyar ta samo asali ne daga dashen na'ura a kan rigar laka ta hanyar tiyata, irin wanda Susan Harkema da abokan aikinta suka ba da rahotonsa daga Louisville ta Amurka a 2011. Masu bincike a Biyana ta Ostiriya, Karen Minassian da Ursula Hofstoetter, sun nuna ana iya kama saiwoyin nan daga waje ba tare da yanka ba. A 2015 Yury Gerasimenko da Reggie Edgerton suka ba da labarin maza biyar masu shanyayyun ƙafafu da suka yi motsi irin na taku, suna kwance an rataye ƙafafunsu, ana ba su wuta ta fata. Hujja mafi girma game da hannu ita ce gwajin Up-LIFT da mujallar Nature Medicine ta buga a 2024. Mutum 60 suka kammala shi a cibiyoyi 14 na Amurka, Kanada, Birtaniya da Holan, dukansu masu raunin wuya da ya kai shekara guda ko fiye. Sun yi wata biyu na atisaye zalla, sannan wata biyu na atisaye tare da wuta. Kashi 72 cikin ɗari sun samu ƙarin ƙarfi da ƙarin iya aiki da ya kai mizanin da aka gindaya, kuma ba a samu mummunar illa da aka danganta da na'urar ba. A Disambar 2024 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a yi amfani da na'urar, ARC-EX ta kamfanin Onward Medical, a asibitoci. Amma a gwajin babu rukunin da aka sa wa na'urar bogi don kwatanci, kuma masu rukunin A, waɗanda ba su da ji ko motsi a ƙasan laka, ba sa ciki. Duk mai yi wa iyalin majinyaci alkawari ya kamata ya faɗi waɗannan biyun tare da kashi 72 ɗin.

Shiri

Kafin a kunna komai an tabbatar da abubuwa kaɗan. Likitan ƙashi ya duba hoto ya ce wuyan ya haɗe kuma ƙarfen na zaune daram. Babu na'urar bugun zuciya ko wata mai batir a jikinsa, ba shi da farfaɗiya, babu gyambo inda za a liƙa faci, wato ɗan abin da ake mannawa a fata don wutar ta shiga. Sannan aka yi masa mako takwas na atisayen hannu zalla, sau uku a mako. Wannan mataki shi ne wanda ake yawan son tsallakewa saboda kuɗi da ɗoki, kuma kuskure ne. Mutumin da ya shekara a ɗaki zai ƙaru da atisaye ko babu wuta, in ba a bari wannan ƙarin ya fito ya tsaya ba, za a jingina wa na'ura abin da ba nata ba. Shi ma ya ƙaru a makonni huɗun farko, gwiwar hannun hagu ta tashi daga 1 zuwa 2, daga nan bai sake motsawa ba. Jimilla 22.

Na'urar da aka yi amfani da ita ta asibiti ce mai batir, mai riƙe ƙarfin wuta a adadin da aka saita, ba ta kamfanin da aka ambata ba ce, kuma an yi aikin ƙarƙashin kulawar likita bayan majinyacin ya amince a rubuce. Faci huɗu ake liƙawa. Biyu ƙanana ne, zagayayyu, faɗin santimita 2.5, a tsakiyar ƙeya: ɗaya tsakanin ƙashi na uku da na huɗu, ɗaya tsakanin na shida da na bakwai. Ana gano wurin ta sa mutum ya sunkuyar da kai. Ƙashin da ya fi turowa a gindin wuya galibi shi ne na bakwai, in ya ɗaga kai na shida zai nutse ciki, na bakwai ya tsaya. Daga nan ake lalube sama. Sauran biyun manya ne, santimita 5 a 10, a kan ƙashin ƙugu na gaba, dama da hagu, ta nan wutar ke komawa. Ba a taɓa kai faci gaban wuya ko gefensa, domin akwai maƙogwaro da kuma cibiyar da ke saukar da bugun zuciya da hawan jini.

Saitin shi ne bugu 30 a sakan, kowane bugu tsawonsa kashi ɗaya cikin dubu na sakan, a cikinsa kuma wutar na kaiwa da komowa da saurin dubu goma a sakan. Ana sa wannan saurin ne da nufin rage zafin fata, ko da yake akwai binciken da ya nuna mutum na jure wuta mai yawa da shi amma kuma sai an ƙara yawanta kafin ta kama jijiya, don haka ba lallai ribar ta kai yadda ake zato ba. Ana farawa daga sifili, a riƙa ƙara miliamfa (awon ƙarfin wuta) biyu-biyu, ana tambaya ana kallo. Mai duba na neman wurin da riƙo ya fi ƙarfi ba tare da tsoka ta fara rawa da kanta ba. In kafaɗa ta ɗage, ko yatsu suka dunƙule ya kasa buɗewa, an wuce gona da iri, sai a rage. A wurinsa facin sama ya zauna wajen miliamfa 35, na ƙasa wajen 45, kuma kowace rana sai an sake nema, domin zufa, gajiya da cikar ciki duk suna canza shi.

Zama awa guda ne, wuta na kunne yana aiki. Minti goma na miƙa hannu da tura tebur don tsokar bayan damtse. Sauran lokacin na yatsu ne: tsintar goro daga faranti, sannan wake, zare takardar naira daga cikin ɗauri, jan carbi ƙwaya-ƙwaya, karkata buta mai ruwa kwata, cura ƙullun fulawa a madadin tuwo. Da aiki ya yi sauƙi sai a ƙara masa wuya. An hana shi dabarar ɗaga tsintsiya a rabin atisayen ta hanyar ɗaura masa ɗan katako, don dole yatsun su yi aikin da kansu.

Abubuwan da suka tasar wa aikin

Matsalar farko fata ce. A zama na biyu ƙaramin facin ya riƙa ɓanɓarewa, ya ce yana jin suka kamar allura. Ashe ƙanensa na shafa masa man kaɗanya da man zafi a wuya kowane dare. Mai da zufar Legas ba sa barin faci ya kama. Lissafin mai sauƙi ne: facin santimita 2.5 yana da fili kusan murabba'in santimita biyar, miliamfa 45 a kansa kusan tara ke nan a kowane murabba'i. In rabinsa ya ɗaga, na'urar ba ta rage wuta ba, duk za ta bi ta rabin da ya rage, ta ninka. Da haka ake ƙonewa. Aka dakatar da shafa mai a ƙeya da ƙugu, ana wanke wurin da sabulu da ruwa a tsane shi sarai, a rage gashi da almakashi maimakon reza, a danne faci da filasta, a kunna fanka. Facin da dankonsa ya mutu a yar da shi, kada a jiƙa shi don tsimi. Na ƙugu sun fi haɗari domin jinsa a can ya ragu, ba zai yi ƙara ba ko yana ƙonewa. Saboda haka bayan kowane zama sai an buɗe an duba da ido da yatsa. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, abin nema shi ne duhun da ya fi na kewaye, ɗumi, kumburi ko tauri. Wanda bai baje cikin awa guda ba, ba a sake liƙa faci a wurin sai ya warke.

Ta biyu ta fi tsanani. A zama na takwas, minti 15 da farawa, ya ce kansa na sarawa. Goshi ya jiƙe da zufa, hanci ya toshe. Awo ya nuna 152 bisa 92, bugun zuciya 54. Ga mai lafiya wannan ba abin tashin hankali ba ne, amma ga wanda ya saba zama a 100, ƙarin 52 ne. Masu rauni daga ƙashin baya na shida zuwa sama suna fuskantar wannan: wani abu na damun jiki a ƙasan raunin, jijiyoyin jini su tsuke, ƙwaƙwalwa kuma ta kasa aika saƙon saki. Ƙarin 20 zuwa 40 a kan abin da aka saba ya isa a ɗauke shi da gaggawa, domin yana iya kai wa ga farfaɗiya ko fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa. Aka kashe wuta nan take, aka zaunar da shi a miƙe ƙafafu a ƙasa, aka kwance mazagin wando da madaurin ciki, ana awo duk minti uku. Jinin bai sauka ba. Da aka bi robar fitsari sai ga ta a lanƙwashe ƙarƙashin cinya tun zaman mota, jaka kusan wayam, mara ta cika tam. Ana warware ta fitsari ya zubo, cikin minti goma awo ya koma 108. Da ya tsaya a 150 ko sama bayan an duba mafitsara, da sai likita ya ba da maganin saukar da jini mai saurin aiki kafin a taɓa dubura don neman taurin bayan gida, wanda shi ne sanadi na biyu a yawa.

Ƙanen ya tsorata, ya ce injin ne. An zaunar da shi an nuna masa cewa kashe wutar bai sauke jinin ba, warware robar ce ta sauke shi, kuma hakan na iya faruwa a ɗaki da tsakar dare. Daga ranar, ba a liƙa faci sai an bi roba daga jiki har jaka, an tambayi ranar bayan gida na ƙarshe, an yi awo. Aka rubuta masa matakan da Hausa a kati ya sa a aljihun keken guragu.

Ta uku hanya ce. Gosulon titin Ikorodu da ambaliyar damina sun cinye zama biyar. Ranar da ya daɗe a mota yakan iso jiki zafi rau, domin mai raunin wuya ba ya zufa yadda ya kamata a ƙasan raunin, ƙafafu na fizga, hannu ya sandare, rabin awar ta tafi a sassauta shi. Aka mayar da lokacinsa hantsi, bayan cunkoson safe ya lafa, da tawul mai ruwa a wuya, da umarnin a karkata shi gefe a ɗage mazaunai duk minti 20 zuwa 30 ko a cikin mota. Zama 24 da aka tsara a mako takwas sai a mako goma aka cika su.

Ana cikin haka ƙanen ya zo da ƙaramin injin kashe ciwo da ya saya a kasuwa, irin mai faci huɗu da ake sa wa ciwon baya, yana so ya riƙa yi wa yayansa a gida don a rage kuɗin mota. Niyyar mai kyau ce, amma an hana. Bugun irin wannan inji gajere ne ƙwarai a kan wanda ake buƙata, adadin da ke jikin maɓallinsa ba ya nuna ainihin wutar da ke shiga, kuma a ɗaki babu mai awon jini. Aikin da aka ba shi a gida shi ne minti 30 na goro, carbi da buta safe da yamma, babu wuta.

Sakamako

An yi awon ƙarshe da na'ura a kashe, kwana biyu bayan zama na 24, kuma wanda ya yi awon farko shi ya maimaita. Dama: 5, 4, 3, 2, 1. Hagu: 5, 3, 2, 1, 0. Jimilla 26, daga 22. A takarda maki huɗu ne. A aikace, gwiwar hannun dama da ta kai 3 tana nufin yana miƙa hannu sama ya ɗauko abu daga kanta, yana kuma taimakawa wajen tura jikinsa daga gado zuwa keke. Yana cura loma da dama in tuwon da laushi. Yana karkata buta mai rabin ruwa ya wanke fuska da hannuwa, wanke ƙafa har yanzu sai an yi masa. Yana zare takardun kuɗi ɗaya-ɗaya in sababbi ne, tsofaffin da suka yi laushi suna ba shi wahala. Maɓallin riga bai samu ba. Ƙafafu ba su canza a maki ba, ko da yake ya ce fizgar dare ta ragu.

Ba za a ce duka ƙarin na wuta ne ba, tunda atisayen bai tsaya ba kuma mutum ɗaya ne. Abin da ke ƙarfafa zaton tana da hannu shi ne ya tsaya cak na mako huɗu kafin a fara ta, kuma ƙarin ya fito ne a C7, C8 da T1, matakan da ke ƙasan raunin, musamman a hannun dama, inda tun farko akwai ɗan burbushin motsi a C7 da C8. Hagun da ya fara da sifili a yatsu shi ya fi jinkiri. A wani ƙaramin bincike na mutum shida da aka yi a Jami'ar Washington da ke Siyatil, wanda aka buga a 2021, ƙarin da aka samu ya dore wata uku zuwa shida bayan an daina ba da wuta. Ɗan dakon ma da aka sake auna shi bayan wata uku makinsa na nan a 26, yana ci gaba da atisayen gida, ya kuma fara zama rabin yini a rumfar wani ɗan garinsu yana karɓar kuɗi.

An tsara masa zagaye na biyu na mako takwas bayan damina, za a mai da hankali kan hannun hagu da riƙo tsakanin babban yatsa da manuni. Za a gwada sauko da ƙaramin facin ƙasa zuwa tsakanin ƙashin wuya na bakwai da na baya na farko, a ga ko yatsun za su fi amsawa. Kafin nan an tura shi wurin likitan mafitsara, domin in riƙon dama ya ƙara ko da maki ɗaya, zai iya fara koyon sa wa kansa robar wucin gadi duk awa huɗu zuwa shida a cire ta dindindin.